Indomin Mota: Dukiyar da Ake Yankewa, Hayaƙin da Ake Bar wa Jama'a

A watan Maris na 2021, farashin wani ƙarfe da ake kira rodiyam ya yi tashin gwauron zabi, har oza ɗaya, wato kimanin giram 31, ta doshi dala 29,000 a kasuwar duniya. A daidai lokacin, ozar zinariya ba ta kai dala 1,800 ba. Da wuya a samu direban da ya san sunan wannan ƙarfe a tashar Unguwa Uku ta Kano ko ta Kawo a Kaduna, alhali kuwa akwai ɓurɓushinsa a ƙarƙashin Sharon da Golf ɗin da ake lodi a wurin. Ko dai a ce a da akwai, kafin wani ya shiga ƙarƙashin motar da zarto.

Mazauninsa wani gwangwanin ƙarfe ne da ke jikin bututun salansa, tsakanin inji da tukunyar da ke kashe ƙara. Aikin gwangwanin tace hayaƙi kafin ya fita. A gareji, daga Ladipo ta Legas zuwa Ƙofar Ruwa ta Kano, ana ce masa indomi, saboda abin da ke cikinsa ya yi kama da curin taliyar Indomie da ba a dafa ba. Wasu kuma katalis suke cewa. Duk mai tsohuwar motar da ta taɓa kasa gudu a kan hanya ya san maganar da ke biyo baya: "Alhaji, indomin nan ne ya toshe. A cire shi kawai, motarka za ta saki jiki. Abin Turawa ne, ba shi da amfani a nan."

Sai a cire. Mota ta dawo da ƙarfinta, mai ita ya biya kuɗin aiki har da na goro, ya tafi yana sa wa bakanike albarka. Sau da yawa ba ya tambayar inda abin da aka ciro ya nufa, bare ya san cewa darajarsa na iya fin kuɗin aikin ninkin ba ninkin. Ba ya kuma tambayar abin da ya toshe shi tun farko, wanda shi ne ainihin ciwon motar, kuma yana nan daram.

Abin da ke cikin gwangwanin

Komai lafiyar injin fetur, ba ya ƙone mai ƙurmus. Abubuwa uku masu cutarwa kan biyo hayaƙinsa. Akwai kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda 'yan Najeriya suka fi sani ta wajen janareto: ita ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan an kwana da shi a kunne cikin gida. Tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya, shi ya sa kaɗan ma ta isa. Akwai ragowar fetur da bai ƙone ba, a cikinsa har da benzin, sinadarin da aka tabbatar yana haddasa sankarar jini. Sai naitirojin oksaid, wadda tsananin zafin cikin inji ke haifarwa, mai cin huhu da tayar wa masu asma ciwonsu.

A cikin gwangwanin akwai curin tangaran mai dubban ƙananan ramuka a jere, yawanci kimanin 400 a kowane murabba'in inci ɗaya. An shafe bangon ramukan da filatinam da faladiyam da rodiyam, shafi siriri ƙwarai, domin duka-duka 'yan giram kaɗan ne a mota guda. Idan hayaƙi mai zafi ya ratsa ta ciki, ƙarafan kan sa gubar ta sauya kama. Kabon monoksaid ta koma kabon dayoksaid, irin wadda mutum ke fitarwa in ya yi numfashi. Ragowar fetur ta ƙarasa ƙonewa. Naitirojin oksaid ta rabu ta koma naitirojin, wanda dama shi ne kaso mafi yawa na iskar da ake shaƙa. Su kuwa ƙarafan ba sa ƙarewa a wannan aiki, shi ya sa indomin da ya shekara 20 a ƙarƙashin mota har yanzu yake da mai saye.

Lafiyayyen indomi na kawar da fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗannan gubobi uku. Ke nan mota ɗaya da aka cire wa nata na iya zubar da gubar motoci goma masu shi. Sai dai yana da sharuɗɗa. Ba ya fara aiki sai ya yi zafi, wajen digiri 300 a ma'aunin Selshiyas, kuma sai cakuɗin iska da mai ya tsaya daidai, kusan awo 14.7 na iska ga awo ɗaya na fetur. Wannan daidaitawa aikin sensar oksijin ce da ke gabansa, wadda ke sanar da kwamfutar mota, birenbos a bakin kanikawa, ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. A motocin Amurka daga ƙirar 1996, da na Turai daga farkon shekarun 2000, akwai sensa ta biyu a bayansa, mai sa ido a kan aikinsa. Idan ta ga hayaƙin da ya fita bai bambanta da wanda ya shiga ba, sai wutar cek ta kama a dashbod, mai sikana kuma ya karanto lambar P0420.

Maganar da ta taɓa zama gaskiya

Labarin ya samo asali daga birnin Los Angeles na Amurka. A shekarun 1940 wani hazo mai yaji ya riƙa lulluɓe birnin, idanu na ruwa, maƙogwaro na ƙaiƙayi, aka yi ta zargin masana'antu. A farkon shekarun 1950 wani masanin sinadarai haifaffen Holan, Arie Haagen-Smit, ya nuna cewa motoci na cikin manyan masu laifin: ragowar fetur da naitirojin oksaid kan haɗu a sama, hasken rana ya mayar da su wata gubar daban. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ba ya buƙatar a gaya masa cewa ba a rasa rana a nan.

Wani injiniya Bafaranshe da ya koma Amurka, Eugene Houdry, ya ƙirƙiro matatar hayaƙin mota a shekarun 1950 ɗin, amma ta kasa karɓuwa saboda dalma. Tun shekarun 1920 ake zuba sinadarinta a fetur don hana inji ƙwanƙwasa, ita kuwa takan lulluɓe ƙarafan matatar ta kashe su murus. Sai da Amurka ta zartar da dokar tsabtace iska a 1970, wadda ta wajabta rage gubar hayaƙin sababbin motoci da kashi 90 cikin 100, sannan kamfanoni suka shiga taitayinsu. Galibin motocin ƙirar 1975 suka fito da matatar, gidajen mai suka fara sayar da fetur marar dalma. Carl Keith da John Mooney na kamfanin Engelhard suka samar da nau'in da ke maganin gubobin uku a lokaci guda, Volvo kuma ya haɗa shi da sensar oksijin ta Bosch a 1976. Turai ta biyo baya a makare, sai daga farkon 1993 ƙa'idar Euro 1 ta sa kowace sabuwar motar fetur ta fito da shi.

Wato Golf 3, da Sharon, da Corolla, da Camry, da dangin Honda da suka cika titunan Arewa, in dai na fetur ne kuma an ƙera su don kasuwar Turai ko Amurka, da indominsu suka bar masana'anta. Amma Fijo 404 da 504 da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun daga 1975, masu kafireto, ba su san shi ba, kuma a kansu ne iyayen gidan kanikawan yau suka ƙware. Ƙari a kan haka, lokacin da tsofaffin motocin Turai, waɗanda ake ce wa 'yan Beljiyam, suka fara kwararowa a shekarun 1990, fetur ɗin Najeriya na ɗauke da dalma. Tanki kaɗan ya isa ya gama da indomi. A wancan zamanin, bakaniken da ya ce abin ba shi da amfani a nan bai yi ƙarya ba.

Zamanin ya wuce, maganar ta zauna. Bayan sanarwar Dakar ta 2001, ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da fetur mai dalma daga farkon 2006, Aljeriya kuma, wadda ita ce ta ƙarshe a duniya, ta daina a 2021. Amma har yau hukuncin na wucewa daga bakin maigida zuwa kunnen yaron gareji, ba tare da an sake duba dalilinsa ba.

Inda ake yankewa

Wata motar takan rasa indominta tun ba ta ga Afirka ba. Ƙasashen da suka ƙera motocin sun daɗe suna korar tsofaffinsu daga birane. Jamus ta fara killace tsakiyar garuruwa irin su Berlin a 2008, ba mai shiga sai motar da ta cika sharaɗin hayaƙi. Landan ta kafa nata yankin a 2019, ta faɗaɗa shi ya game birnin a Agustan 2023, kuma motar fetur da ba ta kai ƙa'idar Euro 4 ba sai ta biya fam 12.50 kowace rana. Motar da ta zama kaya a can, sai ta hau jirgi a Antwerp ko Amsterdam ta nufo Kwatano, Lome ko Tin Can.

Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto a Oktoban 2020, inda ta ce Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta fi kowa kwasa, da kashi 40 cikin 100. Masu binciken gwamnatin Holan da suka duba motocin da ke barin tashoshinsu zuwa Afirka ta Yamma sun tarar da cewa mafi yawa shekarunsu 16 zuwa 20, sun gaza ƙa'idar Euro 4, wasu kuma an riga an yanke musu matatar hayaƙi. An rage wa motar abu mafi tsada a jikinta, aka turo gangar.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙarafan nan uku a wurare ƙalilan ake haƙo su. Afirka ta Kudu ce ke samar da mafi yawan filatinam da rodiyam na duniya, Rasha kuma wajen kashi 40 cikin 100 na faladiyam. Bayan da aka bankaɗo maguɗin kamfanin Volkswagen a gwajin hayaƙin motocin dizal a 2015, Turawa da yawa suka koma motar fetur, wadda matatarta ta fi cin faladiyam da rodiyam. Sin ta tsaurara dokokin hayaƙinta. Annobar korona ta tsayar da aiki a mahaƙan Afirka ta Kudu. Sai farashi ya ƙwace, har faladiyam ya haura dala 3,000 a oza a Maris na 2022.

A Amurka satar indomi ta zama annoba ta biyu. Ɓarawo kan kwanta a ƙarƙashin mota da zarton batir, cikin minti biyu ya yi awon gaba da shi, kuma Toyota Prius ta fi shan wahala domin injinta ba ya gajiyar da ƙarafan sosai. A 2022 kaɗai an shigar da ƙorafi sama da 64,000 a kamfanonin inshorar ƙasar. A Nuwamban shekarar, ma'aikatar shari'ar Amurka ta gurfanar da mutum 21 a wata badaƙala da ta ce wani kamfani a jihar New Jersey ya sayar da garin ƙarafan da aka tatso daga irin waɗannan kaya na fiye da dala miliyan 545. An ma rasa rai: a Mayun 2024 ɓarayin indomi suka harbe ɗan fim Johnny Wactor a Los Angeles, bayan ya iske su a jikin motarsa.

A Najeriya ba kasafai ake buƙatar dare ko bindiga ba. Koke-koken masu motoci sun fi nuni ga wuraren da mota ke kwana a hannun wani: hanyar fitowa daga tashar jiragen ruwa, filin dillali, garejin da aka bar ta a yi sabis. Salon kuma ya fi na Amurka wayo. Ba a yanke gwangwanin a tafi da shi. A tsaga shi ta sama, wajen da ido ba ya kaiwa, a farfasa tangaran ɗin a zazzage, wani lokaci a cusa soson ƙarfe don kada ƙara ta tona asiri, a yi walda, a shafa ƙasa da baƙin mai. Idan wutar cek ta kama, a sa wa sensa ta biyu ɗan noti mai nisanta ta daga hayaƙin, ko a taɓa birenbos, ko a bi hanya mafi arha, a kashe ƙwan fitilar a dashbod.

Masu saye kuwa sun san kayansu. Lambar da aka buga a jikin gwangwanin suke dubawa, domin kowace ƙira da yawan ƙarfen da ke cikinta, kuma na asali ya fi na kasuwa kuɗi nesa ba kusa ba. Daga hannun ƙananan 'yan gwangwan kayan ke taruwa wurin manya, a niƙa, a fitar waje inda ake narkarwa. Ita kanta wannan sana'a ta sake sarrafa ƙarafa halal ce, kuma kaso mai tsoka na filatinam da faladiyam da duniya ke amfani da su daga tsofaffin motoci ake samo shi. Ɗaya daga cikin manyan matatun irin waɗannan ƙarafa a duniya tana Hoboken, a gefen Antwerp, garin da dubban motocin ke hawa jirgi. An dai tsara sana'ar ne don motar da ta mutu. Abin da ya lalace shi ne, ana fiɗar wadda za ta ƙara shekara goma tana yawo.

Farashin ya faɗi daga baya. Rodiyam ya sauko ƙasa da dala 5,000 a 2023, faladiyam ya koma ƙasa da dala 1,000 a farkon 2024, satar ma ta ragu a Amurka. Amma a daidai wannan tsakani dala ta tashi daga kimanin naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500. Abin da kasuwar duniya ta rage, faɗuwar naira ta mayar da kaso mai yawa nasa.

Rabin gaskiyar bakanike

A yi wa kanikawa adalci: indomi na toshewa, kuma idan ya toshe mota na shaƙewa. Tana kasa hawa tudu, tana zafi, a taka totur ta yi gurnani ba gudu, wani lokaci gwangwanin ya yi jajir. A cire shi, nan take ta warware. Mai mota ya gani da idonsa, wa zai gaya masa ba haka ba ne?

Amma an ƙera indomi ne ya yi tsawon rai tare da motar, kuma da wuya ya mutu don kansa. Kashe shi ake yi. Fulogi ko koyil da ya lalace kan sa silinda ɗaya ta daina ƙona mai, ɗanyen fetur ya gangara ya kama wuta a cikin tangaran ɗin har ya narke. Nozul mai yoyo ko matacciyar sensa su ma haka. Injin da ringinsa ya ci yana shan baƙin mai, tokar man ta liƙe ramukan. Gaskit da ya ƙone na tura ruwan lagireto cikin salansa. Ramin titi da tudun rage gudu na fasa shi, haka ma kutsawa cikin ruwan ambaliya yana tsakiyar zafi.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare: mota na isowa a cire mata tamostat, a haɗa fanka kai-tsaye, wai ƙasarmu da zafi. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa, kwamfutarsa kan ɗauka har yanzu sanyin safiya ne, ta ci gaba da ƙara mai. Wannan rarar man ita ce ke gangarawa ta cinye indomi a hankali. Sau da yawa hannun da ya cire tamostat bara shi ne zai cire indomi bana. Gyaran gangar Abzinawa ke nan, don an kawar da abin da ya nuna ciwon, an bar ciwon yana cin inji.

Shi ma man da ake sha ba shi da wanki. A Satumban 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Siwizalan ta fallasa yadda 'yan kasuwar Turai ke haɗa mai na musamman don Afirka ta Yamma, inda ta samu dizal mai farar wuta ninki 378 na abin da Turai ta yarda da shi. A Disamban shekarar Najeriya da Benin da Togo da Gana da Kodebuwa suka yi alkawarin daina karɓar irinsa, amma a Najeriya aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Daga baya Holan a 2023, da Beljiyam a 2024, suka taƙaita fitar da shi daga tashoshinsu. Ba a manta da gurɓataccen fetur mai yawan metanol da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022 ya lalata injina ba, ga kuma abin da wasu 'yan bumburutu ke gaurayawa a galan. Sai dai farar wuta ba dalma ba ce. Tana rage wa indomi ƙarfi, tana kawo warin ruɓaɓɓen ƙwai, amma idan aka koma mai mai kyau yakan farfaɗo. A motocin dizal ne ta fi ɓarna, inda take toshe matatar toka, ita ma a cire ta a yar.

To, cire lafiyayyen indomi na ƙara gudu? A motar gida ta yau da kullum, ƙarin bai taka kara ya karya ba. Ƙara ce ke ƙaruwa, kunne ya yaudari ƙafa. Batun shan mai kuwa ya fi sarƙaƙiya. Masu motoci da yawa na kukan cewa tun da aka cire musu motar ta zama rijiya. A ƙa'ida sensa ta gaba ce ke da babbar murya wajen auna mai, amma a wasu motoci ta baya ma na sa baki. Sannan aikin zarto da walda kan raunata waya ko ya bar kafa a bututu, iska ta shiga, sensa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara. Ga ciwon asali da ba a taɓa ba. Ga wutar cek da ta zauna a kunne ko aka kashe ta, ta yadda sabuwar matsala ba ta da hanyar sanar da kanta. Tun da aka janye tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a 2024, kowane ɗigo da ya tafi a banza daga aljihun mai motar yake fita.

Hujjar masu cirewa da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi. Sabon indomi na asali kan haura dala 1,000 a Amurka a motoci da yawa. Direban hayar da ke neman balas na yau ba zai sa wannan a motar da gaba ɗayanta ba ta fi ninkin haka kaɗan ba, kuma wanda ya ce ya sa bai san tasha ba. Amma tsakanin na kamfani da bututu fayau akwai zaɓi: akwai na kasuwa mai shiga motoci iri-iri, wanda ƙarfensa bai kai na asali ba amma ya fi babu, akwai kuma na Beljiyam idan an tabbatar cikinsa na nan. Fulogi da koyil da tamostat kuwa, waɗanda da an kula da su da ba a kai ga nan ba, kuɗinsu bai kama ƙafar wannan ba.

Masu shaƙa

Wanda ya sayar ya ƙirga kuɗinsa, mai mota ya ɗaga gilashi ya kunna esi. Bakin salansa kuwa bai wuce gwiwar babba daga ƙasa ba, kuma baya yake kallo. Masu shaƙa su ne yarinya mai tallan gyaɗa a cunkoson 'Yankura, da almajirin da ke bin tagogi, da mai ruwan leda, da jami'in KAROTA da ke tsaye a mahaɗa tun safe, da fasinjojin Adaidaita Sahu da ba su da ƙofa, da ma'aikacin da ke kwashe sa'o'i a gosulon Nyanya da Mararaba. Babu ko ɗaya a cikinsu da aka yi shawara da shi. Direban ma bai tsira ba, don tsohuwar mota mai ɓulallen ƙasa da salansa mai yoyo na shigar da kabon monoksaid cikin ɗaki, kuma farkon alamarta ciwon kai ne da gyangyaɗi, a hannun mutumin da ke riƙe da sitiyari.

Wani bincike da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa gurɓatar iska ta yi sanadin mutuwar mutum 11,200 kafin lokacinsu a Legas a 2018, kusan kashi 60 cikin 100 yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da asarar dala biliyan 2.1, ya kuma sa ababen hawa a sahun gaba na musabbabai. A alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2016, Kaduna ce ta biyar a duniya wajen yawan ƙura mai cutarwa a iska, Onitsha ta ɗaya.

Ba za a ɗora wa indomi duk wannan ba. Akwai ƙurar hunturu, da janareto, da ƙona bola, da itacen girki, da tireloli masu baƙin hayaƙi, kuma matatar motar fetur ba ta maganin ko ɗaya. Ba ta ma rage iskar da ke ɗumama duniya. Bambancinsa da sauran shi ne, wannan maganin an riga an ƙera shi, an biya kuɗinsa, ya zo a jikin motar. Abin da ake nema kawai a bar shi inda yake.

Doka a takarda

A Amurka cire shi laifi ne a dokar tarayya, ga gareji da ma mai motar kansa tun gyaran dokar na 1990. A Birtaniya motar da aka cire wa ba ta cin jarrabawar shekara-shekara, kuma tun 2013 doka ta wajabta wa masu sayen tsohon ƙarfe a Ingila su tantance mai kawo kaya, ta kuma hana su biya da tsabar kuɗi. Gaskiya ne ana yi wa tsofaffin motoci sassauci a can. Kalifoniya ba ta gwada hayaƙin motar fetur ƙirar 1975 zuwa baya, Jamus na ba motar da ta shekara 30 lamba ta musamman, Landan na yafe wa mai shekara 40. Amma waɗannan motocin marmari ne, 'yan kaɗan, ana fito da su ranar hutu. A Kano ko Maraɗi, tsohuwar mota ita ce motar aiki, tun asuba har dare.

Najeriya ma ba ta rasa dokoki ba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, na da ƙa'idojin hayaƙin ababen hawa tun 2011. A Fabrairun 2020 ministocin ƙasashen ECOWAS suka amince a Wagadugu cewa daga Janairun 2021 duk motar da za a shigo da ita sai ta cika ƙa'idar Euro 4, man da za a shigo da shi kuma kada farar wutarsa ta wuce kashi 50 cikin miliyan. Sai dai ƙa'idar Euro 4 a takardar mota ba ta da ma'ana idan gwangwanin fanko ne. A shingen hanya ana tambayar lasisi da inshora da abin kashe gobara, da wuya a ga wanda ya sa na'ura a bakin salansa, alhali awon ba ya wuce 'yan mintuna. Matakai biyu za su yi tasiri fiye da sabuwar doka: a duba kowace mota a tashar shigowa kafin a sake ta, kuma a wajabta wa masu sayen indomi rubuta sunan wanda ya kawo da lambar motar da aka ciro shi.

Kafin a kai can, mai sayen mota shi ne mai gadin kansa. Ya murɗa makulli ba tare da ya tayar da inji ba: wutar cek dole ta kama, sannan ta mutu bayan inji ya tashi, idan kuwa ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Ya sa a hau da motar kan rami, a haska saman gwangwanin a nemi sabuwar walda. A ƙwanƙwasa shi yana sanyi, fanko na da amonsa, fasasshe kuma na kacau-kacau. Mai sikana ya nuna masa aikin sensa ta biyu bayan inji ya yi zafi: idan indomi na aiki layinta kan kwanta, idan babu sai ta riƙa hawa da sauka tare da ta gaba. Wanda kuma bakanike ya ce wa nasa ya toshe, ya fara tambaya: "Malam, me ya toshe shi?" A gyara wannan tukuna. Idan har ya zama dole a cire, a cire a gabansa, a miƙa masa abinsa, shi ya sayar da kansa, ya cika kuɗin ya sa wani.